Kundin aikin kafa injin bugun turiri mai faɗin mita 1.6 a Fagge, Kano

7 ga Oktoba, 2024

Aikin da ake son injin ya yi: jesin ƙwallo, rigunan makarantu da na ƙungiyoyi, tutoci, da mayafin tebur na taro. Duk a kan yadin foliyesta, ta hanyar da masu sana'a ke kira sabilimeshin, mu kuma a nan muke ce mata bugun turiri. Ana buga zane a takarda ta musamman, a haɗa ta da yadi a cikin zafi kusan digiri 200, tawadar ta tashi ta zama turiri ta shige cikin zaren. Shi ya sa idan ka shafa jesin ba ka jin komai a kai, kuma ba ya ɓarewa.

An fara lissafin daga yadi, ba daga inji ba. Foliyestan jesi da ake samu a Kantin Kwari yawanci inci 58 zuwa 60 ne, wato kusan mita ɗaya da rabi. Gaban jesin babban mutum yana cin santimita 60 a faɗi, baya ma haka. Injin inci 44, irin Epson F6470, takardarsa ba ta kai santimita 112 ba, don haka gaba da baya ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba, sai dai a jera su ɗaya bayan ɗaya, takarda ta yi ta zuba a gefe. A takardar mita 1.6 kuwa gaba da baya sun ci 120, sauran faɗin yadin ya ishi hannaye da wuya. Wannan kaɗai ya fitar da inci 24 da inci 44 daga lissafi, duk da cewa Epson F570 mai inci 24 inji ne mai kyau ga mai buga kofuna, huluna da riga ɗai-ɗai.

Saura zaɓi tsakanin manyan injinan inci 64 na kamfanoni irin Epson F9470 ko Mimaki TS100-1600, da kuma injinan da ake harhaɗawa a China da hed ɗin Epson, wato kan da ke fesa tawada a takarda. Na farko suna zuwa da tawadarsu da manhajarsu, an daidaita komai, amma kuɗinsu da na tawadarsu ya fi ƙarfin aikin da muke hange. Na biyu sun fi sauƙin kuɗi, kayan gyaransu suna samuwa a Legas da nan Kano, sai dai duk wani daidaiton launi kai za ka yi da kanka. An tsaya a kan na biyu.

15 ga Oktoba

Maganar hed. An yi watsi da XP600: ramukan feshinsa 1,080 ne, yana da araha amma ba ya jure aikin yini guda kullum. An zaɓi I3200-A1 guda biyu. Kowane yana da ramuka 3,200, layi takwas na 400. A lura da harafin ƙarshe lokacin saye: A1 na tawadar ruwa ne, ita ce ta bugun turiri, E1 na tawadar bana ne, U1 na tawadar da fitila ke busarwa. Kamanninsu ɗaya a ido.

Abin da aka rubuta wa mai kawo injin ya sa a cikin akwati: dampa (ƙaramin ma'ajin tawada da ke saman hed) 16 na ajiya, kaf (murfin da ke rufe hed idan yana hutawa) biyu, waifa (robar da ke share fuskar hed) huɗu, famfon tawada ɗaya, zaren enkoda (ledar da ke gaya wa hed inda yake) ɗaya, wayoyin hed saiti ɗaya, da ruwan wankin hed lita biyu. Ba ɗaya daga cikinsu da ke da tsada, amma rashin dampa guda yana iya zaunar da shago mako guda.

4 ga Nuwamba

Ɗaki da wuta. An ware ɗaki mai mita 6 da 4 don firinta ita kaɗai, aka toshe tagoginsa, aka sa tayil, aka yi ƙofa biyu da ɗan zaure a tsakani don kada ƙura ta biyo mai shigowa. Injin zafi, mai haɗa takarda da yadi, ba zai shiga wannan ɗakin ba. Yana fitar da hayaƙi da zafin da na'urar sanyaya ɗaki ba za ta iya da shi ba, kuma zafin nan shi ne ke busar da hed.

Layin wuta: sitabilaiza, sannan UPS (na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke) mai kVA 3 irin wanda wuta ke ratsa cikinsa kullum, ba wanda sai an ɗauke yake karɓa ba. Dalili shi ne lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, ɗan ƙiftawar nan ta isa ta tsayar da hed a tsakiyar takarda, ko ta taɓa allon da ke sarrafa shi. Hitar busar da takarda da ke gaban firinta tana kan layinta daban, ba ta bi ta UPS ba, domin ita kaɗai ta fi duk sauran firintar cin wuta.

An kafa sandar tagulla a ƙasa a bayan ɗaki, da gawayi da gishiri, aka haɗa jikin inji da ita. Masu haɗa wuta da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ƙawa. Ba ƙawa ba ce. Injin da ba shi da wayar ƙasa ta kirki, a hunturu takarda za ta riƙa tara tartsatsi, kuma allon hed ne zai sha shi.

2 ga Disamba

Inji ya iso, an harhaɗa. An daidaita ƙafafunsa da ma'aunin magina har kumfar ta tsaya tsakiya a duka ɓangarorin biyu. An cika tankuna huɗu: shuɗi, ja-ja mai ruwan hoda, rawaya, baƙi. Kafin zubawa an girgiza kowace kwalba minti biyu, domin wannan tawadar ƙwayoyin rini ne da ke yawo a ruwa, suna kwantawa idan sun daɗe a ajiye.

Tsayin hed daga takarda: milimita 2. Daga nan gwaje-gwaje uku bi da bi. Na farko gwajin nozil, a ga kowane rami yana feshi. Na biyu daidaita tafiya da dawowa, domin hed yana bugawa yana zuwa yana bugawa yana komawa, idan biyun ba su faɗi wuri ɗaya ba layin tsaye zai fito biyu-biyu. Na uku daidaita jan takarda. Idan ana ganin siraran layuka farare a kwance, inji yana jan takarda fiye da kima; idan layukan masu duhu ne, ja ɗin ya yi kaɗan, bugu yana hawa kan bugu. Wannan na ukun sai an sake shi duk lokacin da aka canja nauyin takarda.

Takardar farawa: mai giram 100, nadi na mita 100. A manhajar RIP, wadda ke shirya zane ta tura wa firinta, an kunna juya hoto kamar a madubi, aka mayar da shi tsari na dindindin. Duk shagon da bai yi haka ba, wata rana zai guga lambobin ƙungiya guda a juye.

11 ga Disamba

Hunturu ya shigo sosai. Ma'aunin laima a ɗakin ya nuna kashi 19 da rana, alhali abin da hed da takarda ke so tsakanin 40 da 60 ne, zafin ɗaki kuma 20 zuwa 25. Alamomi uku suka bayyana a rana ɗaya: gefen takarda yana nannaɗewa sama, akwai ƙurar tawada kamar hazo a gefen baƙin rubutu, kuma idan inji ya tsaya minti ashirin, ramukan rawaya da ja suna ɗaukewa.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara wa abin tsanani, don ita ma ruwa take zuƙewa daga iska. An sa na'urorin feshin laima biyu, nesa da inji da kamar mita biyu don kada raɓa ta sauka a kan allo. Kuskuren kwanan farko: an zuba musu ruwan burtsatse. Washegari aka ga farar ƙura a kan murfin firinta da zaren enkoda, gishirin cikin ruwan ne na'urar ta watsa a iska. An koma ruwan batir, wanda aka tace ta hanyar turiri. Laima ta tsaya tsakanin 42 da 48, hazon tawada ya ɓace.

Zaren enkoda, siririn leda mai ɗauke da ƙananan layuka wanda ke gaya wa hed inda yake, an goge shi da ƙyalle marar gashi da aka ɗan jiƙa da ruwan batir. Kada a sa masa fetur ko tina, layukan za su goge.

19 ga Disamba

Ja yana ɗaukewa bayan kamar mita uku na bugu, a wanke hed ya dawo, a sake mita uku ya tafi. Nan ne mutane ke yin asarar tawada da hed, suna ta danna wanki mai ƙarfi.

Yadda ake rarrabewa: a buga gwajin nozil sau uku, da ɗan wanki a tsakani, a jera takardun. Idan giɓin yana wuri ɗaya a duka ukun, toshewa ce. Idan yana yawo, yau nan gobe can, ba toshewa ba ce, iska ce ta shiga layi ko tawada ba ta isowa. Namu yawo yake yi. An duba dampar ja, aka ga kusan babu komai a cikinta, ƙaramar robar da ke bakinta ba ta zauna daidai ba tun wajen harhaɗawa. An sa sabuwa, aka ja tawada da sirinji ta wajen dampar har ta cika kashi biyu cikin uku. Matsala ta ƙare.

Da toshewa ce, hanyar ita ce a cika kaf da ruwan wanki, a ajiye hed a kai na awa ɗaya zuwa biyu, sannan a yi wanki na yau da kullum. Tura ruwa cikin hed da sirinji da ƙarfi yana ɓalle bangon da ke raba launuka a ciki, daga nan shuɗi ya riƙa fitowa ta ramin rawaya, kuma wannan ba shi da gyara.

Tsarin safe da aka liƙa a bango: girgiza tankuna a hankali, goge waifa da bakin kaf, gwajin nozil, rubuta laima da zafi a littafi, duba kwalbar tawadar da aka zubar.

13 ga Janairu, 2025

Injin zafi, wato rola, ya iso: faɗi mita 1.7, ganga mai kaurin milimita 420, mai ake dumamawa a cikinta. Farantin jikinsa ya nuna kilowat 21, layi uku. Janareto mai kVA 40 ne zai ɗauke shi. An yi masa rumfar ƙarfe a sama da fanka mai jan hayaƙi waje.

Lissafin gudu. Zagayen gangar santimita 132 ne, amma wurin da bargon injin, mai matse yadi da takarda a jikinta, ya rungume ta, inda yadi ke shan zafi, an auna shi 95. Ana son yadi ya yi daƙiƙa 40 a ciki, don haka gudun ya zama kamar mita 1.4 a minti, mita 84 a awa. Firinta kuwa, a zagaye huɗu (hed ya bi ta kan kowane wuri sau huɗu), an auna tana ba da kusan mita 18 na tsawon takarda a awa. Ke nan awa ɗaya ta rola tana cinye bugun kusan awa biyar. Tunda dumama gangar kaɗai yana cin kusan awa guda na dizal, babu hikima a kunna ta kullum. An tsara: firinta ta yi kwana biyu tana tarawa, rola ta tashi sau ɗaya.

Jerin shiga: takardar bugu, yadi, sai siririyar takardar kariya tsakaninsu da bargo. Wanda ya yi rowar takardar kariya, rini zai ratsa ya zauna a bargo, daga baya ya riƙa fitowa a kan farin yadi.

Dokar da ba a sassautawa: ganga mai zafi ba ta tsayawa. Bayan an gama aiki a kashe hita, a bar ta tana juyawa har ta sauko ƙasa da digiri 80. Idan wuta ta ɗauke tana 200, nan take a kama hannun juyawa da ke gefe, ɗayan kuma ya sassauta bargon ya rabu da ganga. Minti kaɗan a tsaye ya isa ya ƙona bargo, kuma shi ne abu mafi tsada a jikin injin da ke lalacewa. An gwada wannan da kowa a shagon, gangar tana sanyi.

27 ga Janairu

Launi. Wannan ya ci mako biyu kuma ya cancanci haka.

Abu na farko da sabon ma'aikaci zai saba da shi: launi a takarda ba shi ne launi ba. Ja yana fitowa kamar ƙasa-ƙasa, shuɗi ya dushe, sai zafi ya taɓa su suke buɗewa. Saboda haka duk awon launi a kan yadin da aka riga aka guga ake yi.

An fara da zafi. Allon injin yana cewa 205, amma takardar awon zafi da aka liƙa a yadi a wurare uku ta nuna tsakiya ta kai, gefen hagu kuma ya gaza da kusan digiri 6 a farkon aiki. Bayan ƙarin minti 20 na dumama gefen ya kamo. Yanzu ba a sa yadi sai an ba ganga wannan ƙarin lokacin bayan allo ya ce ta kai.

Baƙi shi ne mai tona asiri. A 210 da daƙiƙa 50 ya koma ruwan ƙasa, alamar ya sha zafi fiye da kima. A 190 da daƙiƙa 30 ya fito toka-toka mai ɗan kore, kuma tawada da yawa ta rage a takarda. A 203 da daƙiƙa 40 ya zauna baƙi wuluk. Nan aka tsaya.

Sai iyakar tawada. An buga matakalar kowane launi daga kashi 5 zuwa 100, aka guga, aka duba inda ƙarin tawada ya daina ƙara duhu. Daga wannan wurin zuwa sama asara ce kawai: takarda ta jiƙe, ta yi ƙunci, launi bai ƙaru ba. An rage kowane launi zuwa nan. Bayan haka aka buga allon ƙananan murabba'ai, aka ɗauko mai na'urar awon launi ta i1Pro ya karanta su a kan yadi, ya fitar da fayil ɗin ICC, wanda manhaja ke bi wajen daidaita launi. Koren tutar Najeriya, wanda da yake karkata zuwa shuɗi, ya dawo daidai. Jan da ke tafiya lemo ma haka.

Fayil ɗin na wannan tawada ne, da wannan takarda, da wannan yadi, da wannan zafi. An rubuta huɗun a sunansa. Canja ɗaya, a sake awo.

10 ga Fabrairu

Aikin farko mai yawa: jesi 120. Kowace ta ci santimita 85 na takarda, nadi ɗaya ya ba da 110 bayan cire na gwaji da na farkon nadi. Tawada, da aka auna tankuna kafin da bayan aiki, ta kama kusan mililita 10 a kowace jesi, har da wanki.

Kurakurai biyu. Tela ya dawo da cewa jesin sun gaza tsayi. An ja layin santimita 100 a ɗanyen yadi, aka ratsa da shi rola, ya fito 97. Yanzu ana ratsa wannan yadin sau ɗaya babu takarda kafin bugu. Hakan yana sa ya gama tsukewa, ya kuma fitar da danshin da ke cikinsa. Inda lokaci ya ƙure, ana ƙara wa zane kashi 3 a tsayi, amma wannan dabara ce ta dole, domin kowane dila da irin tsukewarsa.

Na biyu, inuwa a gefen lambobi a guda tara. Yadin ya motsa a kan takarda tana da zafi a wajen fita, rinin da bai gama tashi ba ya sake sauka a gefe. An ƙara ɗaurin nadin da ke karɓar takarda, aka sa yadi ya rabu da ita nan take a bakin fita. Ga yadi mai talewa sosai an yi odar takarda mai danƙo, wadda ke kama yadi idan ta ji zafi.

24 ga Maris

An mayar da aiki biyu a wannan makon. Ɗaya rigunan auduga, ɗaya baƙin yadi. Rinin nan foliyesta kawai yake kamawa, a auduga wankin farko zai tafi da shi, a gaurayen foliyesta da auduga na kashi 65 da 35 kuma yana fitowa a koɗe kamar tsohuwar riga. Babu farar tawada a wannan sana'a, farin da ke cikin zane farin yadin ne. Mai son baƙar jesi, farin yadi ake buga wa baƙi. An yanka ƙyallaye uku, an buga musu zane ɗaya, an wanke su, an rataye a gaban shago. Sun fi dogon bayani aiki.

Hutun Sallah kwana huɗu ne. Ba za a cire firinta daga wuta ba, kuma an raba kwanakin: kullum mutum ɗaya zai shigo ya buga gwajin nozil da ɗan zane na rabin mita mai launuka huɗu.

6 ga Mayu

An gwada takarda mai giram 70 don rage kuɗi. A zane mai sauƙin tawada, kamar tutoci masu fari da yawa, ta yi daidai, kuma nadinta ya fi tsawo, ba a yawan tsayawa canji. A jesi mai duhu daga sama har ƙasa ta jiƙe ta yi tudu-tudu. An sake daidaita jan takarda, an ƙara ƙarfin fankar da ke zuƙe ta a kan faranti, an kunna hitar gaba. Ta wuce, amma da ƙyar.

An canja kaf biyu da waifa. Robar bakin kaf ta fara taurin da ba ta rufe hed ruf, ana gane haka idan famfo yana juyawa amma tawada ba ta sauka kwalba.

12 ga Agusta

Damina ta juya matsalar. Laima ta kai 78 da safe. Takardar giram 70 ta kumbura a tsakiya, hed ya goge ta sau biyu a yini ɗaya, ya bar baƙin zane a kan bugu. Gugar hed ba ƙaramin abu ba ce, tana iya karce farantin ramukan. An tsayar da aiki, an ɗaga hed zuwa milimita 2.5, an sake daidaita tafiya da dawowa tunda tsayi ya canja, an koma giram 100 ga duk zane mai duhu har ƙarshen damina.

An kwashe na'urorin feshin laima, an kawo mai zuƙe ta. Nadin takarda yanzu yana zama cikin ledarsa a kan katako, ba a ƙasa ba, a shigo da shi ɗakin kwana ɗaya kafin amfani. Wanda aka buga kuma ba ya kwana a buɗe; an ga bugun da ya kwana biyu a ɗakin rola ya ba da ɗige-ɗige masu haske inda danshi ya zama tururi ya ture rini.

Gwajin nozil na yau: hed na ɗaya cikakke, hed na biyu ramuka uku na baƙi sun ɗauke a wuri ɗaya tun bayan gugar. An jiƙa shi awa biyu, ɗaya ya dawo. A zagaye huɗu ba a ganin giɓin a yadi. Za a sake jiƙawa daren yau, a kwatanta da takardar gwajin gobe da safe kafin a yanke shawarar yin odar hed na ajiya.